Yadda Ake Yawon Ƙafa a Tsoffin Filayen Kuza na Jos

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Jos zuwa Bukuru, ko ya zarce Barikin Ladi, ya ga tuddan nan jajaye da farare da ke tsaye a tsakiyar fili kamar an juye su daga kwando, da tafkuna masu ruwa kore ko shuɗi kwance a gindinsu. Yawancin mutane ta tagar mota suke hango su, su wuce abinsu. Ba haka ƙasar take tun asali ba. Hannun ɗan Adam ne ya mai da ita haka, da diga da shebur da kwanon sarki, daga baya kuma da manyan injina, cikin kusan shekara 80 da kamfanoni suka yi suna haƙar kuza a wurin.

A ganina mutum bai san wannan ƙasa ba sai ya taka ta da ƙafarsa. Tafiyar kuma ba ta da wuya. Fili ne shimfiɗaɗɗe, ba hawa irin na duwatsun Shere ba ne, yaro ɗan shekara 10 da dattijo mai sauran ƙarfin gwiwa duk za su iya. Sai dai sauƙin nan shi ke ruɗin baƙo. A filin kuza ba tudu ne abin tsoro ba, ruwa ne da rami, kuma dukansu biyu ba sa nuna kansu sai an zo gab da su. Bayanin da zan yi ya fi dacewa da yankin da ke tsakanin Rayfield da Du da Bukuru, a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, domin nan ne ya fi kusa da gari kuma ya fi sauƙin shiga da fita.

Mataki na farko: san abin da za ka je gani

In ka je ba ka san labarin ba, tarin ƙasa da kududdufi kawai za ka gani, ka dawo da ƙura a ƙafa. Saboda haka ina ba da shawara ka ware yammacin ranar da ta gabaci tafiyar ka leƙa Gidan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Akwai sashen da ke nuna aikin kuza, akwai kuma tsoffin kawunan ƙaramin jirgin ƙasan da ya riƙa jigilarta. Har sassaƙen yumɓu na Nok da gidan ya yi suna a kansu, a ramin kuza aka fara tono su a 1928, a ƙauyen Nok na kudancin Kaduna.

Kuza ba Bature ne ya gano mana ita ba. Tun kafin zuwansa maƙeran Ririwai ta ƙasar Kano da na Liruwen Dalma suna narka ta, suna zuba ta sirara-sirara kamar tsinke, fatake na kai ta kasuwanni. Sawun wannan kuzar ta kasuwa kamfanin Niger Company ya bi a 1902 har ya iso kogin Dilimi. Injiniyansa H. W. Laws ya biyo baya, ya yada zango a Tilden Fulani da Naraguta a shekarun 1903 da 1904. Ba da lalama aka shiga ƙasar Birom da maƙwabtansu ba, sai da aka sa sojoji da bindiga. Da farko 'yan dako ke ɗaukar kuzar a ka har Loko, bakin kogin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso Bukuru, a 1927 kuma babban layi ya hawo ta Kafanchan. Wutar lantarkin da ta juya injinan daga gangaren ruwan Kurra ta zo, ta hannun kamfanin NESCO da aka kafa a 1929.

Leburorin fa? Akasarinsu daga ƙasar Hausa da Barno da sauran sassan Arewa suka zo, wasu cin rani, wasu neman kuɗin haraji, wasu kuma suka zauna ke nan. Shi ya sa za ka ji sunayen barikoki da Hausa a tsakiyar ƙasar Birom: Sabon Gida, Dorowa, Mai Adiko, Gindin Akwati, Barikin Ladi. Lokaci mafi muni shi ne na yaƙin duniya na biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya, wani yanki na Malesiya ta yau, a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyar samun kuzarta, sai ta juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwaso dubun-dubatar talakawa daga lardunan Arewa ana kawo su aikin tilas, abin da tsofaffi ke kira diban gwamna. A 1943 an fitar da kuza sama da tan 17,000, ba a taɓa kai haka ba kafin nan ko bayan nan. Kakana na wajen uwa, mutumin ƙasar Katsina, yana cikin waɗanda aka ɗebo. Bai cika son zancen ba, amma in ya yi, ba nauyin kwano yake ambata ba, sanyi yake ambata. Ya ce mutum ya wuni a cikin ruwa da laka har gwiwa, ya kwana a bukkar ciyawa da buhu ɗaya a jiki, da asuba a tashe shi a tarar ya riga ya sandare. Da wannan a zuciya nake taka filin nan duk lokacin da na je.

Ƙarshen zamanin kamfanoni ya zo ne sannu a hankali. Kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, kuɗin aiki ya yi yawa, man fetur ya ɗauke hankalin gwamnati, sannan a watan Oktoba na 1985 farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan. Kamfanoni irin su Amalgamated Tin Mines of Nigeria, wanda ya yi babban ofishinsa a Rayfield, suka naɗe tabarmarsu, aka bar ramukan a buɗe.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan shi ne lokacin. Ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta ko an ƙone ta, ido na ganin inda ƙafa za ta sauka. Da damina, wato daga Afrilu zuwa Oktoba, kada ka gwada in dai kai baƙo ne. Gefen ramuka na jiƙewa ya zabtare, ciyawa na kai wa ƙugu ta rufe komai, ga tsawa a fili inda kai ne abu mafi tsayi, wani lokaci har da ƙanƙara. Ƙarshen Oktoba ma da sauran haɗari, domin ruwa ya ɗauke amma ciyawar na nan tsaye.

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, don haka sanyin asuba a Disamba da Janairu ba wasa ba ne, yakan sauka ƙasa da digiri 10. Ka fara tafiya da misalin ƙarfe 7 na safe, ka yi nufin gamawa kafin 11. Iskar wurin na da sanyi, ba za ka ji zafin rana ba sai ta riga ta gasa maka wuya. Ranar da hazo ya yi kauri kuma ka ɗaga tafiyar, ba abin da za ka hango. Ka kuma tuna ranar Lahadi da safe yawancin mutanen ƙauyukan suna coci, samun mai rakiya ko mai unguwa zai yi wuya. Asabar ta fi.

Mataki na uku: nemi ɗan gari, ka nemi izini

Wannan matakin ya fi duk sauran muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Hanyoyin da za ka bi ba hanyoyin yawon buɗe ido ba ne masu allo da kibiya. Turbobin manoma ne da masu lambu da makiyaya da 'yan kuza, suna rabuwa suna haɗewa, wata ta kai ka gona, wata ta kai ka bakin rami ta ƙare. Taswirar waya za ta nuna maka tafki, ba za ta nuna maka ramin da aka haƙa makon jiya ba.

Ka nemi mutumin da aka haifa a unguwar, wanda yake noma ko ya taɓa aikin kuza a wurin. Hanya mafi kyau ita ce ta wani wanda ka sani a Jos ko Bukuru ya haɗa ka da shi, sannan ku je tare ku gai da mai unguwa, ku gaya masa ku nawa ne, ina za ku bi, yaushe za ku fito. Minti 10 ne, amma daga nan kun zama baƙin unguwa, ba wasu fuskoki da aka gani suna zagaya gonakin mutane ba. Ku daidaita kan ladan ɗan rakiya tun kafin a ɗaga ƙafa, kuma a biya shi da mutunci, domin idonsa ne zai tsare ranka.

Maganar tsaro kuma ba a ɓoye ta. Filato ta sha rikici, kuma akwai lokutan da wasu yankunan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu ba sa shiguwa. Labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani, na jiya da na yau ake nema. Ka tambayi ɗan rakiyarka daren tafiyar, ka sake tambaya da safe. In ya ce a bari, a bari, ba gardama. Ka riƙe katin shaidarka saboda shingayen jami'an tsaro, kada kuma ka ɗaga waya ka ɗauki hoto a kusa da su. Ku tafi ku uku zuwa shida. Mutum ɗaya ba ya tafiya, taron mutum 20 kuma ba ya tsaruwa a kan turba guda. A bar wa wani a gida sunan unguwar da lambar ɗan rakiya da lokacin da ake sa ran dawowa.

Mataki na huɗu: kaya

Takalmi rufaffe mai taushin ciki da ƙarfin ƙasa, wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi. Silifa da sabon takalmi duk a bar su a gida. Dogon wando, rigar sanyi mara nauyi da za ka cire ka ɗaura a ƙugu in rana ta ɗaga, hula mai baki ko malafa. Mata su sa abin da ba zai ja ƙasa ya kama ƙaya ba, a kuma ɗaure mayafi sosai saboda iska. Ruwan sha lita 2 ga kowane mutum, da ƙarin gora ɗaya ta wanke hannu da alwala. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, burodi. Man shafawa na leɓe saboda hunturu. Bandeji da filasta da maganin ciwon kai. Waya cike da caji. Igiya mai ƙwari kamar mita 15 a jakar mutum ɗaya. Sai sanda, doguwa har kafaɗa irin ta makiyaya, kowa da tasa. Ba don dogarawa ba, za ka ga amfaninta a gaba.

Mataki na biyar: tsara hanya

Ga wanda bai saba ba, zagaye na kilomita 5 zuwa 6 ya isa. Da tsaye-tsayen kallo da hira zai ci awa biyu da rabi zuwa uku. Ka zauna da ɗan rakiya ka gaya masa abubuwan da kake son gani: tsohon tafki guda ko biyu, tudun ƙasa wanda ake iya hawa, wurin da ake wankin kuza yanzu, lambun rani, da ragowar gine-ginen kamfani in akwai a kusa. Shi zai san yadda zai ɗinke su a turba ɗaya. Ku fara daga inda mota ko Keke Napep ke iya zuwa, ku ƙare a nan ɗin. Wurin shaƙatawa na Rayfield wuri ne mai kyau na haɗuwa, kuma tafkinsa shi kansa tsohon ramin kuza ne, don haka tun daga nan ido zai fara sabawa. Kusa da shi akwai filin wasan golf da Turawan kuza suka kafa a 1913.

Ku sa wa kanku lokacin juyawa. In ƙarfe 9 ta yi ba ku kai rabin hanya ba, ku koma ta inda kuka fito.

Mataki na shida: tafiyar kanta, da yadda ake karanta ƙasa

Ɗan rakiya a gaba, babba ɗaya a baya, yara a tsakiya, layi ɗaya. Ba a yanke hanya ta cikin ciyawa ko da kana hango inda za ka a gabanka.

Da zarar kun fita daga gidaje, ka fara lura da yadda tafkunan suka jeru. Ba a warwatse suke ba, suna bin juna kamar carbi. Dalili shi ne kuza a cikin dutsen ƙasar take tun farko, ruwan sama na dubban shekaru ya farfasa dutsen ya kwashe ƙwayoyinta, da yake tana da nauyi sai ta kwanta a gindin tsoffin koguna, ƙasa ta zo ta binne su. Masu haƙa kwarin tsohon kogin suke bi. In ka tsaya a tudu ka bi jerin tafkunan da ido, kogin da ya mutu tun da daɗewa kake gani.

Tuddan kuma iri-iri ne. Masu tsini, jajaye ko masu ratsin fari, ƙasar sama ce da injin haƙa ya kwashe ya jibge a gefe don a kai ga tsakuwar da ke ɗauke da kuza. Shimfiɗaɗɗen farin yashi mai faɗi wanda ciyawa ba ta son fitowa a kansa, shi ne abin da ya rage bayan an wanke. Za ka iya cin karo da doguwar magudana da ta bi gefen tudu a miƙe, ta cike da ƙasa, wadda da ita ake jawo ruwa daga madatsa zuwa wurin aiki. Inda kuma ka ga bishiyoyin turare sun tsaya sahu-sahu a fili mai laushi, galibi wuri ne da aka baje tuddan aka dasa itatuwa don a farfaɗo da ƙasar. Kaɗan ne aka yi wa hakan, sauran an bar su yadda suke.

In za ku hau tudu, ku zaɓi tsoho wanda ciyawa da ƙananan itatuwa suka kama, wanda akwai sawun mutane ko na awaki a jikinsa, ku hau ta gefen da ba ya fuskantar ruwa. Ƙasar tudun ba dutse ba ce, tara ta aka yi, tana zamewa. Daga sama za ka ga abin da ya sa na ce a zo da ƙafa: tafki kore a nan, shuɗi a can, lambunan kabeji da karas da tumatir da latas kewaye da su kamar an shimfiɗa darduma, injin ban-ruwa na ƙara daga nesa, duwatsu masu ɗaurin kai a bayan komai. Ramin da ya cinye gonar kaka, shi ne yau yake shayar da lambun jika. Wannan ba ya wanke abin da aka yi wa masu ƙasar, amma yana nuna irin ƙoƙarinsu.

Gonakin da za ku ratsa na acca ne da masara da dankalin Turawa. Ba a taka kunya, ba a tsinkar komai. Da yawa an kewaye su da shingen ƙerana, kuma farin ruwan da ke fita daga jikinta in an karya yana ƙona fata, in ya shiga ido kuwa abin ya yi muni. A gargaɗi yara tun kafin a kai wurin. Duk wanda kuka tarar, manomi ne ko bafulatani da shanunsa, ku yi sallama ku gaisa. Kusan kowa na jin Hausa. In mutumin Birom ya nuna maka hanya ka ce masa "mafeng", wato na gode, za ka ga fuskarsa ta sake.

Ruwan nan ba na shiga ba ne

Ba wanka, ba iyo, ba tsoma ƙafa, ba sauka yin alwala. Na san yadda yake jan ido da rana, luf-luf, ba ko motsi. Amma tafkin kuza ba kamar kududdufin gari ba ne da ake shiga a hankali ruwa na hawa daga idon sawu zuwa gwiwa. Rami ne da aka yanka a tsaye. Taku ɗaya kana kan tudu, na biyu ba ƙasa a ƙarƙashinka, kuma wasunsu sun fi bene mai hawa uku zurfi. Ruwan ƙasan sanyi ƙarara ne, yana ɗaure jijiyar ko gwanin iyo, gindin kuma laka ce mai riƙe ƙafa. Bangon yumɓu ne mai santsi, wanda ya faɗa ba shi da abin kamawa. Kusan kowace unguwa da ke kusa da tafkunan nan tana da labarin yaron da ya tafi bai dawo ba. Ga kuma tsargiya da ake ɗauka a ruwan da ba ya gudu.

Ka tsaya aƙalla taku biyar daga baki, domin ruwa na cin gindin gaɓa ya bar saman a rataye, ka ɗauka ƙasa ce alhali ɓawo ne. Masu ɗaukar hoton kansu da waya su ne suka fi ba ni tsoro, suna ja da baya suna kallon allo. In wani ya faɗa, kada kowa ya bi shi ciki. A kwanta rub-da-ciki nesa da gaɓa, a jefa masa igiya ko a miƙa sanda, a yi ihu a kira masu lambu.

Loto

Bayan tafiyar kamfanoni mutanen gari ba su daina neman kuza ba. Suna haƙa rami siriri kamar rijiya, su sauka da igiya har su iske tsakuwar, sannan su yi ta rarake ta gefe-gefe a ƙarƙashin ƙasa. Shi ake kira loto. In kuza ta ƙare a tashi a bar shi a buɗe, damina ɗaya ciyawa ta rufe bakinsa.

Wata safiya a bayan Du na hango wani tsohon ginin dutse, na saki turba na nufe shi kai tsaye. Ban yi taku goma ba ɗan rakiyarmu ya damƙe mini hannu ta baya, ya ce, "Malam, tsaya nan." Ya miƙa sandarsa ya ɗaga wata busasshiyar ciyawa da ke gabana, ƙasa da taku biyu. Baƙin rami ne, faɗinsa bai fi murfin randa ba. Ya ɗauki tsakuwa ya saka. Muka yi shiru muna saurare, sai can muka ji ta faɗa ruwa. Da ya nuna mini da sanda, akwai wasu guda huɗu a kewaye da mu, duk ban ga ko ɗaya ba.

Alamomin loto su ne ƙaramin tarin farar ƙasa ko tsakuwa a tsakiyar ciyawa, guntayen itace biyu a kafe ko a gicce, tsohuwar igiya, yagaggen buhu, ko wani kewayayyen wuri da ciyawarsa ta fi ta gefe tsayi da kore. In ka ga ɗaya, akwai 'yan'uwansa. Ƙasar da ke tsakaninsu ma ba abar yarda ba ce, tunda an rarake cikinta. Amfanin sanda ke nan: duk inda ba ka ga ƙasa da idonka ba, sanda ta riga ƙafa. Kuma ko an gayyace ka, kada ka sauka cikin loto. Masu aikin da kansu suna rasa rayukansu a ciki in ya rufta ko iska ta ƙare.

In kun iso wurin masu wanki

Nan ne zuciyar tafiyar. Ku tsaya daga nesa, ɗan rakiya ya je ya yi magana tukuna. Kada a ɗauki hoton kowa sai ya yarda, domin wasu na tsoron hukuma, wasu kuma ba sa son a nuna su cikin laka, kuma suna da gaskiya.

In sun ba ku wuri, ka durƙusa kusa da mai wanki ka kalli hannunta. Za ta ɗebi tsakuwa a ƙwarya ko kwano, ta nutsa shi rabi a ruwa, ta riƙa juya shi a hankali tana karkatawa. Jan ruwa ya fita, farin yashi ya bi shi, ta tsince manyan duwatsu da yatsa ta yar, ta sake juyawa. A ƙarshe sai wani baƙin gari mai ƙyalli ya kwanta a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali biyu ba. In ta zuba maka a tafin hannu za ka yi mamakin nauyinsa, ya ninka yashi fiye da sau biyu da rabi. Duk tuddan nan da tafkunan da layin dogo da diban gwamna, saboda wannan ɗan baƙin garin aka yi su. A cikinsa akwai kolumbait, wanda da can zubarwa ake yi, sai a shekarun 1950 Amurka ta shiga sayensa don ƙarfen injin jiragen sama, Nijeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi.

Ka mayar mata da abinta, ka wanke hannu da ruwan gorarka. Dusar da ke ragewa bayan an tace kuza tana ɗauke da wasu ma'adinai masu fitar da tururin nukiliya kaɗan-kaɗan. Wucewar yini ɗaya ba abin tayar da hankali ba ce, matsalar ta mai zama kusa da ita ce shekara da shekaru ko mai yin gini da ita. Duk da haka kada a ɗebo baƙin yashi a kai gida don tsaraba, kada yara su yi wasa a kansa, kada kuma a baje abinci a wurin. In kana son yin alheri, ka sayi kabeji ko karas a hannun masu lambu, ko ka ba masu wankin wani abu a fili a gaban kowa, ba ka raba wa yara kuɗi ba.

In wani abu ya faru

Macizai na nan, kububuwa da kasa da gamsheƙa, sun fi son gindin duwatsu da tsoffin gine-gine. Kada a sa hannu inda ido bai gani ba. In an yi sara, ba a tsagawa, ba a tsotsa, ba a ɗaure wurin tamau. A cire zobe ko agogo, a hana mutum tafiya da ƙafarsa, a ɗauke shi zuwa mota a nufi babban asibiti kai tsaye, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo. Targaɗe a ɗaure da bandeji a koma ta hanya mafi kusa. Wanda ruwan ƙerana ya shiga idonsa a yi ta zuba masa ruwa mai tsabta, kada ya murza. In mutum ya faɗa loto, kada wani ya bi shi, a yi masa magana daga sama, a aika a kira 'yan kuza na kusa, su ke da igiya da sanin ramin. Lambar gaggawa 112 ce, amma a wurin nan mutanen unguwa za su riga kowa isowa.

Da kun fito, ku ƙirga kanku, ku kwashe ledoji da gorunan da kuka shiga da su, ku biya ɗan rakiya, ku koma ku yi wa mai unguwa sallama don ya san baƙinsa sun fita lafiya. A kira na gida a gaya masa an dawo. A kakkaɓe takalma a waje kafin a shiga mota, a duba ƙafafun yara da bayan gwiwarsu ko kaska ta kama, tunda turbar shanu aka bi. In da sauran ƙarfi, Bukuru na nan kusa, sai ku ci abincin rana a can, ku tsaya ku ga tashar jirgin ƙasan da kuzar ta riƙa bi tana barin ƙasar.